Daga Kuka Sai Turawa

"Kashe shi! Lauwali, don girman Allah kashe mashin ɗin nan!"

Bahijja ce ta fito daga rumfar ajinta a guje, mayafinta na jan ƙasa. Amma aikin gama ya gama, yara sun watse. Wasu sun faɗa gonar gero, wasu sun kwanta rub da ciki, ƙaramarsu Zulaikha ta ƙanƙame turken rumfa tana karkarwa. 'Ya'yan 'yan gudun hijira ne daga Borno da aka tsugunar a gefen Babura, kuma a kan mashina aka shiga garinsu ranar da aka ƙone shi.

Lauwali, malamin lissafi kuma wanda aka sa musu rana da ita, bai san wannan ba. Tun daga Kazaure ya taso da albishir a bakinsa, shi ya sa ya shigo yana ta danna hon kamar ango.

"Ni kike yi wa tsawa a gaban mutane?"

"Dubi abin da ka yi..."

"Na samu aikin Abuja, sahibata! Makarantar kuɗi, har da gida. Ke ma za su ɗauke ki bayan biki."

Ta waiwaya ta dubi yaran.

"Yaran nan fa?"

"Za a turo wani."

"Haka ake ce musu duk sanda malami ya tafi birni, kuma ba a turowa! A horon da aka ba mu, an ja mana kunne cewa yaron da ya rasa gida, kada ya wayi gari malaminsa ma ya ɓace. Na yi musu alkawari."

"Ni fa? Ni ba ki yi mini ba?"

Sai hawaye suka zubo mata.

Ya ɗora ƙafa zai tayar, sai Ya Kura, kakar Zulaikha, ta dafa kan mashin ɗin.

"Ɗana, a nan ba a tayar da mashin, turawa ake yi, sai an wuce kukar can. Mu je in taka maka."

Bahijja ta bi su da kallo, tsohuwa na magana, shi kuma kansa a ƙasa. Ba ta ji me aka ce ba.

Labari kuwa ba ya buƙatar mashin, ya riga Lauwali isa Kazaure. Nafisat, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ita ta kai wa Hajiya, wato mahaifiyar tasa, har da ƙarin gishiri. Wai Bahijja ta zage shi tas, ta ce 'yan gudun hijira sun fi shi daraja. Ita kuwa Nafisat, ko gobe aka ce Abuja, akwatinta a ɗaure yake. Hajiya ta ce a dakata da maganar biki.

Bahijja ta rame. Tana son Lauwali kamar ranta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma kullum da safe tana gaban allo, tana lallashin Zulaikha wadda tun ranar ba ta ƙara cewa uffan ba.

Wata Laraba da rana tsaka, ta hango mutum daga wajen kuka yana turo mashin, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

"Malam Lauwali... mai ya ƙare ne?"

"Mai na nan. Girman kai ne ya ƙare."

Ta sunkuyar da kai tana danne murmushi.

"Ya Kura ta gaya mini yadda aka kashe uban Zulaikha a gabanta," ya ce. "Tun ranar, duk na tayar da mashin sai in ga idonta. Na ce wa 'yan Abuja su nemi wani. Na roƙi a dawo da ni nan, ki riƙe ƙanana, in riƙe manya."

"Hajiya fa?"

"Na kwashe komai na gaya mata. Kuka ta yi, ta ce in na bari kika kuɓuce mini ba ta yafe ba. Ki yafe mini, rabin raina."

"Ni ma na yi maka tsawa..."

"Ki riƙa yi, ta yi magani!"

Nafisat dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai ta kwance akwatinta.

Ranar biki, a rumfar ajin aka yi walima. Abokan ango, waɗanda aka sani da wasan mashin da tayar da ƙura, duk suka sauka a gindin kuka, suka turo mashinansu a jere cikin manyan riguna, shiru kamar masu shiga masallaci.

Sai Zulaikha ta zame daga jikin kakarta. Ta tako a hankali har gaban ango, ta ɗora tafinta a kan tankin.

"Malam... tayar."

Lauwali ya dubi amaryarsa. Ta cikin mayafi Bahijja ta gyaɗa kai, hawaye na wanke mata kwalli.

Ya tayar.

Babu yaron da ya gudu. Zulaikha ta miƙa ɗan yatsanta ta danna hon da kanta, Ya Kura ta rangaɗa guɗa.