Ragon Tasalla

A can wani zamani, a wani ƙauye da ke bakin fadama, an yi wani manomi mai yawan cewa, "Duk abin da ke gidana nawa ne." Matarsa Tasalla tana da wani rago fari fat, ɗan tunkiyar da ya ba ta sadaki. Ita ta yi kiwonsa da dusa da harawa har ya yi ƙiba.

Ranar babbar salla manomi ya kwance ragon, ya ja shi ƙofar gida, bai ce mata uffan ba. Liman ya zo zai yanka masa, sai ya tambaya, "Ragon wa ne?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam. Duk abin da ke gidana nawa ne."

Liman ya mayar da wuƙa cikin kube. "Ni na ɗaura aurenku, na san uwar ragon nan. Gida naka ne, amma dukiyar mace tata ce. Je ka tambaye ta."

Kunya ta kama manomi, ga maƙwabta suna kallo. Ya ja ragon ya koma ciki, ya tarar da Tasalla tana hura wuta.

Ya ce, "Na yi kuskure. Kin ba ni ragonki in yi layya?"

Ta yi dariya. "Haba Maigida, ai don kai na yi kiwonsa. Wata shida ina jira ka tambaya."

Da ya fito, Liman ya sake cewa, "Ragon wa ne?"

"Na Tasalla ne, amma ta ba ni."

Liman ya zaro wuƙa ya ce, "Bismillahi, Allahu akbar."