Jar Masarar Inna Hansai

"Wai kalma ɗaya, ma'ana uku!" in ji Naja'atu, tana nuna wa mijinta Almustapha littafinta na makarantar manya. "Well ɗin nan rijiya ce, lafiya ce, kuma da ita Bature ke fara magana in ya rasa ta cewa. Turanci ba dai rikici ba!"

Yana cikin dariya sai ga mahaifiyarsa, Inna Hansai. Ta fizge littafin ta cusa a murhu.

"Ni za a mayar wa gida aji? Matar manomi da Turanci! Kika sake taka makarantar nan, a bakin aurenki!"

Naja'atu ta sha kuka ta haƙura. Almustapha, da shi ya kai ta makarantar don son da yake mata, ya bi umarnin uwarsa.

Damina ta yi nisa a Tsiga, rumbu ya ƙare ƙaf. Inna ta jawo ragowar irin masarar da ɗanta ya sayo a Funtua, mai jan maganin ƙwarin nan, ta surfa, ta wanke har ruwa uku, ta shanya. Naja'atu ta ɗauki buhun ta karanta Turancin da ke jikinsa.

"Inna, don Allah kada a ci! An rubuta guba ce."

"Ja ne, na kuma wanke jan. Ke har kin isa ki koya mini hatsi?"

Naja'atu ta yi magiya har ta gaji. Inna na tayar da sallar la'asar, ta naɗe tabarmar da masarar ta juye a masai. Tiya huɗu cur, ana cikin wannan yunwa!

"Sake ta — ko in tsine maka!" Inna ta ce wa ɗanta.

Ya rubuta saki ɗaya, hawaye na ɗiga a takardar. Naja'atu ta hau mota zuwa gidan iyayenta a Malumfashi.

Dusar surfen kuwa Inna ta riga ta jiƙa wa dabbobinta. Gari na wayewa ta tarar da awakinta biyu a miƙe, kumfa a baki, kaji zube ko'ina. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta dubi ɗanta.

"Innalillahi! Da mu ne fa. Da yanzu gawarka nake kallo."

Ba ta aiki kowa biko ba, da ƙafarta ta je. Naja'atu ta durƙusa za ta gaishe ta, tsohuwar ta riƙo hannunta tana kuka.

"Tashi, 'yar nan. Ni ce mai durƙuso. Ki dawo ɗakinki, ki koma makarantarki."

"Wallahi ban riƙe ki ba, Inna."

Haƙuri bai tozarta Naja'atu ba, kuma ilimin mace ba raini ba ne ga gidan miji. A ranar Almustapha ya mayar da matarsa, sannan ya ɗauki fartanya ya bizne awakin uwarsa.