Miyar da Ta Jira Ƙanƙara

A bakin tafkin ƙauyensu, kusa da garin Sneek na yankin Friesland, Marrit ta fara ganinsa. Tana kan keke za ta wurin aiki, sai ta hango wani dogon saurayi a tsugune yana tsoma ma'aunin sanyi cikin ruwa, ya murtuke fuska kamar likita a kan majinyaci.

"Bawan Allah, wani abu ka yar ne?"

"Arzikina nake aunawa," ya ce. "Sunana Hidde. Kwanan nan tafkin zai daskare."

Ta dubi agwagi suna iyo hankalinsu kwance, ta tuntsire da dariya. Abin haushin, da ya ɗago ya yi mata murmushi, ita ce ta daskare.

Duk ɗan Friesland yana da wannan ciwo na jiran ƙanƙara. Da sanyi ya ɗan taɓa, yaro da tsoho sun zaro takalman zamiya a kan ƙanƙara suna wasa su, alhali tafkin ya yi shekaru rabonsa da ƙanƙarar kirki. Kowa ciwon yakan sake shi da zuwan Maris, ban da Hidde. Shi kafinta ne mai hannu, amma ya ga kafinta ta yi masa kaɗan. Ya ƙera wani shirgegen amalanke mai zamewa, da murhu da tukunya, wai zai riƙa bin masu zamiya har tsakiyar tafki yana sayar musu da miyar wake mai zafi. Ya yi fenti, ya buga rigunan kamfani, ya tara wake buhu-buhu. Abu ɗaya kawai ya rage, ƙanƙarar.

"Ina buɗewa sai aure, Zumata," yakan ce.

Ita kuwa so ya rufe mata ido, ta kai shi gida. Mahaifinta Douwe, mai kiwon shanu, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai sayar wa agwagi miya? Saniyata ko ana ruwa ko ana rana sai ta ba da madara. Kai kana zaune kana jiran izinin sama."

"Ga Ruben likitan haƙori nan yana ta zarya," in ji mahaifiyarta Aukje. "Shi haƙori ba ruwansa da sanyi, kullum ciwo yake."

Sanyin bana ya wuce da yayyafi, na baɗi ma haka. Marrit ta fara jin kunyar ƙawayenta, don kowacce ta gamu da ita sai ta ce, "Amarya, ya daskare kuwa?"

Ranar bikin zagayowar haihuwar Aukje dangi suka jera kujeru a da'ira, kowa da kofinsa da yankan kek ɗaya. Kujerar Hidde ce kaɗai babu kowa, har Ruben ya zo ya haye abinsa. Can wayar Marrit ta yi ƙara, saƙon Hidde ne.

"Zumata, ki yafe mini, ki taya Mama murna. An ce sanyi zai sauko da gaske, dole in shafa wa amalanke mai. Ina sonki."

Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta:

"Na gaji da jiran ruwa ya yanke mini ranar aure. Ko ni ko amalanke. Ruben yana kan kujerarka, ya ma cinye kek ɗinka."

Ta aika, ta kuwa yi kuka har idonta ya kumbura.

Sanyin ya sauko, tafkin ya yi ɓawon ƙanƙara. Gari ya rikice, kowa ya yo bakin ruwa. Tsofaffi suka buga sanda suka ce bai yi kauri ba, amma ina, Hidde ya riga ya jawo amalankensa sanye da rigar kamfani. Ya ce bari ya fara takawa ya nuna musu.

Bai yi nisa ba aka ji ƙarass! Sai ga shugaban kamfani tsundum cikin taɓo har ƙugu.

Ruben ya zaro waya yana ɗauka yana ƙyaƙyata dariya. Douwe kuwa ya ɗauko igiyar da yake ciro shanu da ita in sun faɗa kwalbati, ya wurga masa.

"Na sha ciro shanu," ya ce yana ja, "amma ban taɓa ciro wadda ta shiga don ta burge mutane ba."

Marrit ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe shi, ta juya ta watsa wa Ruben wani kallo da ya sa shi mayar da wayar aljihu.

"Wawa kawai," ta ce wa Hidde, hawaye na zuba. "Da ka nutse fa?"

"Na fasa, Zumata," ya ce, haƙoransa na kaɗawa. "Ko kwano ɗaya ban sayar ba, kuma ba zan sayar ba. Ina cikin ruwan nan ban tuna amalanke ba, ke na tuna. Gobe zan koma sassaƙa. Za ki aure ni ko tafki bai yarda ba?"

"Sai ka yi wanka tukuna," ta ce, amma ba ta saki hannunsa ba.

A watan Yuni aka yi biki a gonar Douwe. Tsohon ya rantse waken nan ba zai tafi a banza ba, don haka aka girka amalanke a kan ciyawa, aka hura murhunsa karo na farko. Baƙi suka riƙa shan miyar lokacin sanyi da zafinta a tsakiyar rana suna sharce gumi suna tsine wa ango a zuci. Marrit kuwa ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Douwe ya miƙe da kwano a hannu.

"Miyar dai ba laifi, ɗana. Na ba ka Marrit da zuciya ɗaya. Allah ya sanya albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa aurenku ya fi ƙanƙarar bana kauri."

Kowa ya ce amin, amma ta Hidde ta fi ta kowa ƙarfi.