Dutsen da Latifa Ta Tsinto a Kufai

Ƙamshi ne ya tsayar da Muktari a bakin tashar Tawa, ranar da ya dawo daga gyaran famfo a Barmu. A ƙarƙashin wata rumfar kara, wata budurwa na tsaga burodi. Ta cusa dafaffen wake da ta murje da albasa da yaji, ta shafa man gyaɗa a bayansa, ta kwantar da shi a kasko bisa gawayi. Sai ta kifa faranti a kai, ta danne da wani baƙin dutse mai santsi, ɗan dutsen niƙa irin na da. Da ta ɗaga, burodin ya baje, ya yi ja.

"Ba ki da injin gashi?" in ji shi.

"Ga injina nan, ba ruwanshi da lantarki," ta ce, tana murmushi.

Sunanta Latifa. Tun daga ranar, kowace hanya Muktari ya bi sai ta ɓulle a rumfarta. Wata yamma ya rubuto mata ta waya: "Lati tawa, yau na ɗaure bututu a karkace, laifinki ne." Ta mayar: "To ka ci abinci a gida mana, malam mai famfo."

Wata tsakar rana, rana ta kori kowa daga titi, suna zaune su biyu. Sai Muktari ya ji ƙarar niƙa, a hankali, gaba da baya. Ya waiga, ba kowa. Dutsen na cikin kwano, ba mai taɓa shi.

"Ke ma kin ji?"

Latifa ta sunkuyar da kai. "Tun da na ɗauko shi nike ji. A wani kufai na tsince shi, gaba da Affala, ranar da motarmu ta lalace. Ban taɓa gaya ma kowa ba."

Bayan kwana biyu ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Azumi, burodin, don ya buɗe mata zancen aure. Ta gutsira sau ɗaya, ta daina tauna. Washegari ta ce ya kai ta wajen mai yin sa. Ba ta ko amsa gaisuwar Latifa ba. Idonta na kan dutsen, kan wasu tsage uku da ke gefensa. Ta ja mayafinta ta juya.

"Ba da ni ba, Muktari. Ka hita hanyar yarinyar ga."

Latifa ta ɗauka don tana sana'a a bakin titi ne aka raina ta. Ta rubuta masa: "Ka bi maganar Inna. Allah shi haɗa kowa da rabonshi." Ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba.

A gida kuwa Inna ta bar cin abinci. Da rana tsaka sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta zuba wa bango ido. A rana ta shida Muktari ya sake rubutu: "Lati, Inna na jin abin da muka ji. Don Allah ki taho."

Ta zo, dutsen naɗe a zane. Ta durƙusa, ta ajiye shi a gaban tsohuwar.

Inna ta miƙa hannu ta shafa tsagen. "Na uwata ne. Shekarar yunwa, ina 'yar ƙarama, garinmu ya watse. Ba ta da lahiya. Ta niƙa muna ɗan hatsin da ya rage, ta ce mu tahi da kawuna, tana tahe bayanmu. Ina waige ina jin niƙanta har muka sha kwana. Ba ta zo ba. Ni ko ban taɓa komawa ba, tsoro nike ji." Ta dubi Latifa. "Ba ke na ƙi ba, ɗiyata. Ɗanɗanon tuwonta na ji cikin burodinki."

Washegari da hantsi suka isa kufan, su uku. Ganuwar duwatsu ta zube, ƙaya ta cinye tsakar gidaje. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Inna ta wuce gaba kai tsaye, kamar jiya ta bar wurin, ta tsaya a gindin wata busasshiyar aduwa. Uwar dutsen na nan, rabinta a cikin rairayi, amma samanta fes, kamar an share da safe.

Latifa ta ɗora ɗan a kai. Ya zauna daram.

Muktari ya ɗaga hannu ya yi wa mamaciyar addu'a. Inna ta yi kukan da ta riƙe shekara hamsin. A hanyar komawa wajen mota, Inna ta jingina da kafaɗar Latifa, ta ce:

"Ki ce ma baffanki Lahadi muna tahe."

Ba wanda ya ƙara jin niƙan. Latifa ta koma danne burodinta da tukunya cike da yashi, masu saye kuma ba su ragu ba.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna Azumi ce ta tarbe ta a bakin ƙofa, ta kama hannunta ta sa a na Muktari, ta riƙe su duka biyu.

"Ni ba uwa aka kai ni ɗaki," ta ce. "Ke kina da biyu. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi sa ku tsufa tare."

Matan da ke tsakar gida suka amsa da amin.