Suruka A Bencin Gaba

Allin da ke hannun Munira ya karye lokacin da ta ga wadda ta shigo ajin.

Hajiya Kaltuma ce, mahaifiyar Kyari. Kyarin da danginsa suka kawo gaisuwa gidansu tun kafin azumi, amma har yau ba a sa rana ba, don Hajiya ta ce sai ta ƙara dubawa. Ƙamshin humra ya riga ta shigowa. A bayanta ga Aliya, 'yar ƙanwarta, wadda duk unguwar Birni an san ta daɗe tana yi wa Kyari tanadin kanta.

"Madam, ga sabuwar ɗaliba na kawo miki," in ji Aliya, tana wani murmushi.

Ajin na matan unguwar Zango ne, 'yan kasuwa masu zuwa Legas da Dubai sarin kaya, da ke koyon Ingilishi bayan la'asar. Ko yarinya ƙarama a Damagaram ta san yadda ake yi da uwar saurayi: in an hango ta a sauya hanya, in an yi kiciɓis a durƙusa a sunkuyar da kai. To ga ta yau an ajiye wa Munira a bencin gaba, inda ba a karatu sai an kalli bakin juna.

"Jikata Gana za a kawo mini daga Amurka," Hajiya ta ce, ba ta ko dubi Munira ba. "Ba Hausa, ba Barbarci, ko Faransanci babu. In aka ba ni ita a waya sai mu yi ta kallon juna kamar kurame. Ran da ta sauka, da bakina nake so in yi mata magana."

Ranar dai Munira ba ta san abin da ta koyar ba.

Da aka tashi ta tarar da Kyari a bakin titi, zaune kan moto mai ƙafa biyu, fuskar nan duk damuwa.

"Hasken idona, ki rufa mini asiri... Duk abin da Hajiya ta faɗa, ki ce daidai ne."

"Ko ba daidai ba?"

"Aliya ce ta kitsa wannan. Ta ce mata ke 'yar lakwal ce, 'yar boko marar kunya, mai ɗaga wa manya murya. Jira kawai ake ki gyara mata magana a gaban mutane."

"Ran da yarinyar ta zo fa, Kyari?"

"Ni ban san wannan ba. Ni dai kar in rasa ki."

Yadda ya faɗe shi ya karya mata zuciya, don tana son sa, so ba na wasa ba. Ta ce to.

Haka aka yi ta yi. Hajiya ta kwaɓa kalmomi yadda ta ga dama, ta sa na gaba a baya, ta zubar da na tsakiya, Munira ta ce madalla, Aliya ta tafa. Sauran mata kuwa sai kallon gefen ido, don su da Madam ba ta ɗaga wa ƙafa ko kan kalma ɗaya sun san abin da ake ciki. Abin ya riƙa cin ta. Ita da take alfahari ba a taɓa mayar da ɗalibarta baya a kasuwar Dubai don an kasa gane ta ba.

Ran wata Laraba ta tsaya gaban allo.

"Angale, wato Ingilishi, jeri gare shi," ta ce. "Mai yin abu a gaba, abin da yake yi a bayansa, sai 'yar ƙaramar kalma mai nuna inda aka dosa, sannan wanda aka nufa. I am waiting for you, ina jiran ki. Come to me, zo wurina. In kika yar da ƙaramar nan, maganarki ta zama taguwa ba maɓalli."

Mata suka maimaita ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan Hajiya.

"Me waiting you," ta faɗa da ƙarfinta, ta gyara lafaya.

Aliya har ta ɗaga hannu za ta tafa.

Munira ta hango tsohuwar nan tsaye a ƙofar gida, ta buɗe hannu, jikarta na kallon ta ba ta gane komai ba.

"Ba daidai ba ne, Hajiya. Ku sake."

Munira ta matso gaban bencin.

"Ku kalli bakina. I am waiting for you."

"Inna, kin ji ko?" Aliya ta dafe ƙirji. "Bakinta za ki kalla!"

Munira ba ta sunkuya ba.

"Kunyarku ta sa na yi shiru kwanakin nan. Amma gara ku ji haushina yau, da a yi muku dariya ran da baƙuwarku ta zo."

Hajiya ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi. Ta miƙe ta fita, Aliya na biye da ita kamar ta taka rawa.

Kafin magariba labari ya gama Zango ya tsallaka Birni. Innar Munira ta yi faɗa har ta gaji, ta ce karatu ya cinye mata tarbiyya. Kyari bai kira ba, bai zo ba. Munira ta sha kuka a ɗaki, ta san da hannunta ta saki abin da ta fi so. Amma ko a cikin kukan, da za a mayar da ita gaban allon, abin da za ta faɗa ke nan.

Sati na zagayowa tana cikin rubutu ta ji ƙamshin humra.

Hajiya ce, ita kaɗai.

"Wushe, Madam," ta gaishe ta da Barbarci, ta zauna a wurinta.

Sai da kowa ya watse ta yi magana.

"Na kira Amurka. Na faɗi irin wadda ake tafa mini, yarinya ta miƙa wa uwarta waya. Na ce a mayar mata, na faɗi taki." Idonta ya kawo ruwa. "Ta ce Kaka... Sannan ta yi ta zuba, ban tsinci ko ɗaya ba. Sauran nake so ki ba ni."

"In sha Allahu, Hajiya."

"Wadda ta zaunar da ni nan don in ga rashin kunyarki, ita na ga nata. Ki ce wa mahaifinki baffannin Kyari na tafe ran Juma'a."

A waje Kyari na tsaye, ya kasa haɗa ido da ita.

"Rabin raina, na ji tsoro. Ke ba ki ji ba."

"Wa ya gaya maka? Har rama na yi."

"Ki yafe mini..."

"Sai na yi shawara," ta ce, murmushi na neman tona mata asiri.

Bikin ya dace da zuwan Gana. Da aka kawo amarya gaban Hajiya, Munira ta durƙusa lulluɓe, kai a ƙasa, shiru kamar ba ita ce mai cika aji da murya ba. Tsakar gida maƙil da matan Birni, Aliya can baya wajen randa. Hajiya ta yafito jikarta, ta ce mata da Ingilishi ta zo ta zauna kusa da amarya. Yarinyar ta tsaya tana ƙifta ido.

Hajiya ta sunkuya wajen mayafin.

"Madam, ina na kuskure?"

Daga ƙarƙashin lulluɓi wata 'yar murya ta fito.

"Kun yar da ƙaramar, Hajiya."

Hajiya ta tuntsire da dariya, ta dubi matan da ke zaune.

"Kun ji surukata. Ko yau ba ta bar ni na ji kunya ba."

Ta gyara zama ta sake faɗa, da ƙarfi, yadda har Kyari da ke zaure ya ji. Gana ta sheƙo da gudu ta zauna a tsakaninsu.