Ƙararrawar Ɗahiru Bi-Baya

Da hantsin ranar sukuwar Kalgo, a kakar 1956, Sufeto Lawali na 'yan doka yana tsugune a bakin ofis yana ɗiga wa sarƙar kekensa man gyaɗa, sai ga Haruna Sarkin Fili, shugaban masu sukuwa, ya taho da sauri, rawaninsa a karkace.

"Ranka shi daɗe, an sace Ci-Goro!"

"Wane ne Ci-Goro?"

"Doki ne. Dokin Ɗahiru Bi-Baya, mutumin Gwandu. A gidana sunka sauka. Da asuba yana turke, munka dawo daga masallaci babu shi."

Sufeto ya goge hannu, ya tura kekensa, suka kama hanya.

A wancan zamani akwai ƙungiyar masu dawaki da ake kira 'Yan Ƙararrawa. Manoma ne da mahauta da masu ɗinkin hula, kowa da ɗan dokinsa. In amfanin gona ya shiga rumbu sai su bi garuruwa suna sukuwa. A Dodoru cikin gonar gero ake yi bayan an kwashe kara, kaji na ƙetarawa a gaban dawaki. A Gwandu bayan kasuwa. Filin Diggi kuwa don ƙanƙanta mai kallo na iya miƙa wa mahayi goro. Sai a rufe da Kalgo, bakin gulbi. Wanda ya ci, ladarsa ƙwaryar fura da guɗa.

Kowane ɗan ƙungiya yana da ƙararrawar tagulla ƙirar Bida a wuyan dokinsa, kuma babu biyu masu murya ɗaya. Wata tana kuka kamar ɗan akuya, wata kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Mai ƙararrawa, duk garin da ya sauka yana da ɗaki da harawa da wurin zama a tabarmar rumfa. In ya kwanta ciwo a zo gaishe shi. In ya rasu akwai masu ɗaukar makara.

"Amma da sharaɗi," in ji Haruna a hanya. "Ƙararrawar da ba ta yi kuka a filin Kalgo ranar rufewa ba, ta mutu. A karɓe ta a ba wani. Haka munka gada. Kuma ba a rataya ta ga dokin aro."

"In ba a ga dokin nan kafin la'asar ba fa?"

"Ɗahiru ya fita cikinmu ke nan. Ga matarsa ta rasu, ɗiyansa sun tahi Gwanja ba labari. Mu ne danginsa, Sufeto."

Suka tarar da Ɗahiru zaune a kan turmi kusa da turken da babu doki. Tsoho ne siriri, mai farin gemu, ya riƙe linzami a cinya kamar mai renon jariri.

"Baba, ina kwana? Mi da mi aka ɗauka?"

"Lahiya lau, ɗana. Dokina anka ɗauka, da ƙararrawata a wuyansa. Sun kwashe ni duka."

Sufeto ya ɗaga kai. A reshen tsamiyar da ke bisa turken, daidai gaban fuskar tsohon, ga ƙararrawa nan a rataye tana ƙyalli a rana. Ya dubi tsohon, ya dubi ƙararrawar. 

Ya sauko da ita. An cusa mata wani faffaɗan ganye a ciki don kada ta yi motsi. Da ya zare ganyen ta ce ƙil, sai Ɗahiru ya juyo da kai firgigit.

"Tawa ce! Ina kunka gan ta?"

"Nan kusa, Baba."

"Ƙaiƙayi ne ya shiga mini ido tun jiya," in ji tsohon, ya hau murza ido.

Sufeto ya shinshina ganyen ya sa a aljihu. Irin ganyen da ake naɗe huhun goro da shi ne.

Ya ja Haruna gefe. "Ɓarawon doki zai bar tagulla?"

"Ina fa! Sai dai namu. Mu, haram ne gare mu mutum ya ja dokin wani da ƙararrawar mai shi a wuya. Ko dokin ɗan'uwanka za ka kai shan ruwa, sai ka cire ta ka rataye a sama, kada ta taɓa ƙasa." Haruna ya kama baki. "Wayyo. Namu ne ke nan."

"Wa kake zato?"

"Adamu dillali. Ya sha tayin dokin nan, Ɗahiru na hana shi."

"Shi Baba, mi ya sa ake ce masa Bi-Baya?"

Haruna ya yi murmushi. "Da can Ɗahiru Iska muke ce masa, ba mai shan gabansa. 'Yan shekarun nan ne ya koma bin taubashinsa Atiku Mai Goro kamar wutsiya. Atiku na gaba, yana bayansa. Atiku na ƙarshe, shi yana bayan na ƙarshe. Yau dai ba wanda zai bi, don dokin Atiku ya mutu a hanyar dawowa daga Diggi, ciwon ciki. Shi ma yau tasa ƙararrawar za ta mutu."

Adamu dillali yana bayan kasuwa inda ya ɗaure dawakinsa. Da ya hango hular ɗan doka sai ya cusa hannuwa cikin riga.

"Ina kake da asuba?"

"Masallaci, ranka shi daɗe. Sahun gaba."

"Sarkin Fili ne a sahun gaba, bai gan ka ba. Fito da hannunka."

Hannuwan shuɗi ne har wuyan hannu. Sufeto ya dubi wani baƙin doki da ke tsaye can gefe, bakinsa na ƙyalli kamar sabon rawani.

"Shuni ka shafa wa tsohon doki don ka ɓoye furfura?"

"Kwalliya ce, Sufeto! Yau ranar taro. Kai ba ka shafa wa kekenka mai?"

"Ci-Goro fa?"

"Ni? Dokin da ya ɓalle mini maɓallin riga da haƙori? Wanga doki ba ya bin kowa sai ya ji ƙarar fasa goro. Ɗahiru ya lalata shi, dabba tana taunar goro bakinta ja wur kamar na tsohuwa. Amma tunda tambaya kake, ka tambayi Atiku. Da sassafe na gan shi da damin harawa a ka. Mutumin da dokinsa ya mutu, shi zai ci?"

Atiku Mai Goro yana zaune a bakin fili ya buɗe huhunsa yana yayyafa ruwa. Gajere ne, mai tumbi, ƙararrawarsa na rataye a ƙugu.

"Baba Atiku, harawar wa ka ɗauka da safe?"

"Ta awakin ƙanwata Delu. Laifi ne a ciyar da akuya?"

Sufeto ya fito da ganyen aljihunsa ya ajiye kusa da na huhun. Iri ɗaya.

"Ganye ganye ne," in ji Atiku. "Duk mai goro na da shi."

"Haka ne. Ba ni fari ɗaya, babba. Sannan ka raka ni in gai da awakin."

Delu ta tare su a zaure, ta sa hannu a ƙugu.

"Doki? A gidan nan? Ni ko jaki ban da shi, Sufeto. Awaki ne kaɗai, su ma ɗaya gurguwa ce."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Sufeto. Ya ɗauko goron, ya sa farce, ya fasa shi ƙas.

Daga bayan rumbu aka yi haniniya. Zanar da aka jingina ta motsa, ta faɗi, wani dogon kai mai farin goshi ya leƙo, leɓɓansa ja, yana neman inda ƙarar ta fito.

"Wannan ce gurguwar?"

Delu ta juya ga yayanta. "Na hwaɗa maka! Ya cinye mini dusa, ya cinye igiyar shanya, yanzu ga ɗan doka a zaurena."

Aka aika aka zo da Ɗahiru. Ya rungume wuyan dokin ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "Wa ya yi mini wannan?"

"Ni ne," in ji Atiku.

"Kai? Ɓarawon banza! Don naka ya mutu shi ne kake so nawa ya mutu?"

"Rufe mini baki, tsohon kwano. Sufeto, rubuta, ni na kwance shi, ni na rataye ƙararrawar. Dalili kuwa nawa ne."

"Na san dalilin," in ji Sufeto a hankali. "Baba Ɗahiru, ƙararrawarka tana gaban idonka da safe, ka ce an tafi da ita. Tun yaushe?"

 Delu ta koma ciki ta ja labule.

"Tun shekarar da mai ɗakina ta rasu," in ji Ɗahiru. "Hazo ya fara a idona, ya zama dare. Atiku kaɗai ya sani. In anka buga ganga sai in bi kukan ƙararrawarsa. In ya kaɗa ta da ƙarfi sau biyu, na san kwana ce, in ja linzami."

"To yau wa zai kaɗa maka?" Atiku ya ɗaga murya. "Sufeto, ka san filin nan. A gindin kuka ake juyawa, bayanta gaɓar gulbi ce, tsayin ɗaki. Wanga doki mai taurin baki ba ya juyawa sai an ja shi. Na roƙe shi, ya ce sai ya hau. Gara in kwana gidan yari da in ɗauki makararsa."

"Wa ya ce maka makara nake tsoro?" in ji Ɗahiru. "Abin da nake tsoro, a karɓe ƙararrawa, in koma Gwandu in zauna a zaure ina jin kurciya har in mutu. Ku tahi Dodoru, ba ni. Ku tahi Diggi, ba ni. Sufeto, a ɗaure shi!"

Daga nesa aka ji ganga ta fara kiran mahaya. Sufeto ya daɗe yana kallon kekensa.

"Sata sata ce," ya ce. "Baba Atiku, na kama ka. Hau bayan keke. Wannan ƙararrawa ta ƙugunka kayan shaida ce, riƙe ta a hannu inda zan riƙa jin ta, kada ka ɓoye. Baba Ɗahiru, ga dokinka, ga ƙararrawarka. Inda za ka je da su ba ruwan hukuma."

Da la'asar dawaki suka jeru a bakin igiya. Aka saki igiya, suka zabura, ƙura ta tashi. Da ƙurar ta lafa sai mutane suka ga abin da ba a taɓa gani a filin Kalgo ba: ɗan doka a kan keke yana fama da rairayi, gumi na zuba, wani tsoho mai tumbi a bayansa yana kaɗa ƙararrawa, bayansu kuma Ci-Goro yana sassarfa, Ɗahiru a miƙe bisa sirdi kamar zamanin da ake ce masa Iska.

"Sufeto, fita daga fili!" wani ya yi ihu.

"Mai laifi nake kaiwa ofis! Hanya ce ta biyo nan!"

A gindin kuka keken ya yi tangal-tangal. Atiku ya kaɗa da ƙarfi sau biyu. Ɗahiru ya ja linzami, dokin ya juya, ƙasar bakin gaɓa ta zube cikin gulbi a bayan kofatonsa.

Kafin su iso rumfa, wanda ya ci har ya shanye furarsa. Duk da haka mata suka yi guɗa.

Haruna Sarkin Fili ya miƙe. "Ƙararrawar Ɗahiru ta yi kuka a fili. Ta Atiku ma kowa ya ji ta."

"Ba a kan doki ba!" in ji Adamu dillali.

"Mi ake ce wa keke?"

"Dokin ƙarfe," jama'a suka amsa.

"To ai na aro ne!"

"Aro?" in ji Haruna. "Kai ka taɓa ganin wanda anka kama ya ce aron keke ya yi? Dole anka yi masa. Dukansu suna nan cikinmu. Je ka wanke hannunka."

Sufeto bai tsaya ba, don aiki aiki ne. Ya karkata keke zuwa hanyar ofis da mai laifinsa a baya.

"Sufeto!" Ɗahiru ya ƙwala kira. "Ka ba shi tabarma mai kauri, ɓarawon nan na da ciwon baya!"

"Kai dai ka biya Delu igiyar shanyarta!" Atiku ya mayar.

Keken na tafiya, ƙararrawar na kuka a hannun Atiku, sai Ci-Goro ya ɗaga kunne ya bi ta. Haruna ya kira, ya ce ga tabarma an shimfiɗa, ga fura an ajiye. Ɗahiru ya ce a rufe masa tasa, ya saki linzami.

Haka suka shiga gari a jere, har bakin ofishin 'yan doka.