Gadon da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

A kasuwar Roni Falalu ya fara ganin Mas'uda, shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji na ƙarin albashi. Malamin firamare ne a Kazaure, ya zo kan sabuwar Besfa, ita kuwa tana sayar da man shanu. Bawan Allah ya tsaya tayi, ya manta abin da ya kawo shi.

Da aka saba ya ce, "Fitilata, na kama mana gidan siminti, har da rediyo da kujerun kushin. Kaɗan-kaɗan za a riƙa cira a albashina."

Abin ya burge Mas'uda, don ba ta taɓa kwana ƙarƙashin rufin kwano ba. Sai dai mahaifinta, Malam Daudu, makiyayi ne mai kafiya.

"Yaro, gidan naka ne?"

"Zai zama nawa, Baffa, nan da 'yan shekaru."

"To, ka dawo bayan shekarun. Ba na aurar da 'yata a kan bashi."

Falalu ya ɗauke ƙafa. Mas'uda ta ga wani a kan Besfarsa, ta yi kuka har ta gaji, a zatonta ya fasa. Ashe komai ya mayar, gida da Besfa da sauran kayan bashi. Ya sayi ɗan fili a bayan gari, ya ƙare rani yana kwaɓa ƙasa yana buga tubali. Ranar da ya dawo a kan keke, ta gan shi ya yi baƙi, tafukansa duk sun tsage.

"Ɗaki ɗaya ne fa, Fitilata."

"Ya ishe ni, Malamina."

Baffa dai bai gama yarda ba, ya ce sai ya gani. Ya sayar da bijimi ya sayo gado mai rumfa, ya bi masu jere da ƙafarsa, abin da maza ba sa yi.

Mas'uda na gida tana jira, sai ga Gwaggo Dela ta dawo daga jere riƙe da baki.

"'Yar nan, gado ya ƙi shiga ƙofa. Muka juya, muka karkata, ina. Sai yaron nan ya ɗauko diga ya sare gefen ƙofar, ginin da ya yi da hannunsa. Gado ya shige. Baffanki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da ni, 'Dela, kin ga bai tambayi kowa ba. Ɗakinsa ne.'"

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Baffa ya riƙe tsagaggen hannun Falalu ya ƙi saki.

"Ga Mas'uda nan, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ƙara muku ɗaki na biyu."